Akwatin da Babanmu Ya Ɗauko Daga Tasha

Kwanakin baya na je Kaduna wurin ɗiyata Alheri don in ga likitan ido. Da yamma jikokina suka kunna talabijin, sai ga wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, irin mai hoto baƙi da fari. Turancina na firamare ne, ba ya kai ni ko'ina, amma na gane abin da ake yi. Wani mai kamfani ne ya kawo inji, yana sallamar ma'aikata, suna fita da hulunansu a hannu. Yaran suna ta dariyar yadda injin ke ƙyafta fitilu. Ni kuwa na kasa ci gaba da kallo. Na tashi na ce zan duba ko an kashe gas a kicin, alhali ni na kashe shi da hannuna, na kuma riga na koma na duba. Ina tsaye ni kaɗai a wurin sai Kaka ta faɗo mini a rai, ita da murhunta, da wani gwangwanin yashi.

A Kafanchan na girma, a shekarun da aka daina fam da sule aka koma naira. Gidanmu yana bayan layin dogo, in jirgi ya wuce har kwanoni sai sun motsa a kan kanta. Kaka uwar babanmu ce. Da kakanmu ya rasu aka ɗauko ta daga ƙauye, amma ta ƙi ɗakin kwano. Ta ce ruwan sama in yana dukan kwano ba ta jin muryar Allah, ba ta jin ta mutum. Sai Baba ya gina mata ɗan zagayayyen ɗaki na jinka a kusurwar gida, nan take girki, nan take kwana. Da damina, da an ci tuwon yamma, ni da ƙanena Danladi da yaran maƙwabta sai mu cusa kanmu ciki. Tana tura gwaza ko masara cikin toka, hayaƙi yana sa mu hawaye, babu mai fita. Hausarta a cakuɗe take da yarenmu, in kalma ta ɓace mata a nan sai ta ɗauko ta can.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Wa ke da kunne?" Mu ce mu ne. Ta ce, "To ku ba ni aro." Kowa ya kama kunnensa ya yi kamar ya cire ya miƙa mata, ita kuma ta tattara ta tura ƙarƙashin tabarma. In ta gama sai ta ɗaga tabarmar ta ce, "Ga kunnuwanku, kowa ya ɗauki nasa, kada a yi musanya." Ni tun ina ƙarama mai damuwa ce. Sai na shafa nawa na tabbatar suna nan kafin in fita.

Babanmu sunansa Ayuba. Mai kwaɓa fulawa ne a gidan burodin Dattijo Barnaba. Su da yawa ne, maza majiya ƙarfi, tun asuba suna tsaye gefen wani dogon komi na katako mai kama da kwalekwale, suna danna kwaɓi da hannu har gumi ya wanke su. Burodin fasinjojin jirgi ake sayar wa, kuma yana tafiya sosai. Barnaba ba baƙo ba ne. Ɗan ƙauyenmu ne, yarenmu ɗaya, cocinmu ɗaya, shi ke zagayawa da farantin baiko, wato na tara sadakar coci, ranar Lahadi. Shi ne ma ya je har ƙauye ya ce wa Baba ya bar gona ya zo gari, wai noma na tsofaffi ne. Baba ya bari. Gonar ta kwanta shekaru, tofa ta cinye ta.

Ba na so in yi wa mamaci ƙarya, don Barnaba ya daɗe da rasuwa. Abin da na gani da idona zan faɗa, in na ƙara ko da kalma ɗaya Ubangiji ya gafarta mini.

Wata damina aka sauke wani ƙaton akwatin katako a tashar jirgi, da sunan Barnaba a jiki. A makon nan ruwa ya tafi da kwalbatin da ke kan hanyar gidan burodi, mota ba ta iya ƙetarewa. Akwai 'yan dako a tasha, aikinsu ke nan, amma Barnaba bai kira su ba. Ranar Lahadi bayan sujada sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "'Yan'uwa, ina da gayya." Ya ce abin da ke cikin akwatin abu ne da zai sauƙaƙa wa ma'aikatansa aiki.

A wurinmu gayya ba a biyan ta. Wanda ya kira zai dama kunu ya dafa abinci, shi ke nan. Amma duk wanda ya ci gayyar mutane, ranar da aka kira ta wani sai ya zo da garmarsa, in ba shi da lafiya ya aiko ɗansa ko ƙanensa. Ko mai unguwa bai wuce wannan ba. A gona ake yin ta, ko wurin ɗora jinka. Ban taɓa jin an kira gayya don kayan kasuwa ba, amma ba wanda ya tsaya tunani. Ɗan'uwa ya kira, sai aka amsa.

Na je kallo ranar. Su Baba sun sare gumagumai suka shimfiɗa a laka, suka ɗaure akwatin da igiyoyi a jikin dogayen sanduna, suka sa kafaɗa. Abokin Baba, wani da ake kira Dogo, shi ke ba da waƙar noma, su suna amsawa. Mata suna biye da tulunan kunu, har da Mama. A bakin rafi akwatin ya karkace, sanda ta zame ta saɓule wa Baba fatar kafaɗa, jini ya jiƙa masa singileti. Bai sauke ba. Da suka isa fasto ya ɗora hannu a kan akwatin ya yi addu'a, Baba ya ɗaga ni da hannunsa mai lafiya don in ga lokacin da ake ɓalle katakon. Yana murmushi, yana ce mini, "Rifkatu, kin ga abokin aikinmu?" Su Baba ne kuma suka kwaɓa siminti suka gina wa injin da ke cikin akwatin wurin zama.

Wani makanike ya zo ya harhaɗa injin, ya tashe shi. Ƙaton kwano ne da hannun ƙarfe mai juyawa a ciki, yana shan baƙin mai. Da aka ga yana kwaɓi lafiya, sai aka tara su Baba bayan an tashi aiki aka ce musu mutum biyu sun isa, sauran kowa ya je ya huta. Aka ba kowa burodi ɗaya ya kai wa yara. Ranar da Baba ya shigo da wannan burodin, ciwon kafaɗarsa ko ɓawo bai gama yi ba, Mama tana shafa masa man kaɗanya safe da yamma.

Har yau abin bai bar raina ba. In za ka kori mutum ka kore shi, gidan burodi naka ne. Amma ka sa shi ya ɗauko abin da zai kore shi a kafaɗarsa, da waƙa, matarsa tana biye da kunu, kana kiransa ɗan'uwa a cikin gidan Ubangiji? Kuma a tsakiyar damina, lokacin da dawa da masara sun riga sun wuce shuka? Ya san ranar zuwan akwatin tun kafin ruwan fari. Da ya faɗa musu, da kowa ya koma ya share gonarsa. Ya yi shiru don yana bukatar hannuwansu har ranar ƙarshe.

Baba ya daina magana a gida. Wata rana da la'asar na zaga bayan ɗaki zan kwashe shanya, sai na gan shi tsugune da Dogo. Rariyar Mama ce a hannunsa, wadda take tankaɗe gari da ita, yana tankaɗe yashin rafi cikin gwangwanin madara. Na ji Dogo yana cewa, "Ta tagar baya za ka shiga, ai ka san ƙugiyar ba ta kamawa. Ka juye wa injin a wurin da ake zuba mai. Ya mutu ke nan, ko Baturen da ya ƙera shi ba ya tashe shi."

Baba ya ce, "Yau ɗin nan, in gari ya yi tsit."

Na koma da baya ba tare da sun gan ni ba. Na taɓa ganin wani mutum a tasha da ankwa a hannu, ɗan sanda yana jan sa, matarsa tana bin su da goyo. Tun daga lokacin hoton bai bar kaina ba, yanzu kuma sai na ga fuskar Baba a wurin. Na rasa abin yi. A makarantar Lahadi an koya mana ka girmama mahaifinka, to kai ƙararsa girmamawa ce? In kuma na yi shiru aka kama shi, ba ni na kama shi ba? Na zauna ina auna zunuban biyu, na kasa gane wanda ya fi nauyi. Daga ƙarshe sai na tafi ɗakin Kaka. Tana tsince tsakuwa daga acca. Na faɗa mata komai ina kuka.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin ci abinci?"

Na ce a'a.

"To je ki ci. In an gama tuwon yamma ki ce wa babanki jinkata tana yoyo, ya zo ya duba mini."

Haka aka yi. Baba ya shigo da rigar ruwansa, aljihun ya yi nauyi gefe ɗaya. Ya ɗaga fitila ya duba jinkar ya ce bai ga yoyo ba. Kaka ta ce ya zauna ya jira, in ruwa ya ƙaru zai gani. Ya zauna bakin ƙofa, mu yara muna zagaye da wuta. Sai ta ce, "Wa ke da kunne?" Muka miƙa. Ta dubi Baba ta ce, "Kai naka na ado ne?" Yara suka yi dariya. Ya ɗan taɓa kunnensa ya miƙa mata hannu wofi, ta karɓa ta tura ƙarƙashin tabarma da namu.

Tatsuniyar mun san ta, ta sha ba mu. Wani manomi ne mai babbar gona a gindin dutse. Wata rana ya hau dutsen neman zuma, sai ya tarar da wata tsohuwa ƙaya ta shige mata ƙafa. Ya cire mata. Ashe ba mutum ba ce, mai dutsen ce. Ta nuna masa wata garma jingine a kogo, ta ce in aka kai ta gona ita kaɗai take huɗa, ba mai riƙe ta, ba ta gajiya, ba ta shan kunu. Ta ce abu ɗaya kawai ta sani, duk abin da ta tarar kwance a ƙasa sai ta rufe shi da ƙasa. Manomi ya gwada ɗagawa, ko motsi ba ta yi ba. Sai ya sauko ya bi gida gida yana buga ƙarfe yana kiran gayya. Gari duka ya hau dutse, aka sauko da garma da waƙa, wasu ƙafa ta goce, wasu baya ya riƙe.

A nan Kaka takan kwaikwayi nishin masu ɗauka har mu yi ta dariya. Ranar ba ta kwaikwaya ba.

Da garma ta fara aiki, sai manomi ya ce ba ya bukatar kowa. In aka buga ƙarfe a ƙofarsa don gayyar wani, sai ya leƙo ya ce, "Ni na kira ku bana?" Rumbunansa suka cika har ya rasa inda zai zuba hatsi. Sai wata rana yana zagaya gona ƙafarsa ta faɗa ramin gafiya, ya faɗi, ƙugu ya riƙe, ya kasa tashi. Ga garma tana tahowa, tana huɗa, tana huɗa. Ta tarar da abu kwance a ƙasa. Ya ce ni ne maigidanki, ta watsa masa ƙasa. Ya ce ni na kawo ki, ta ƙara. Ta rufe shi har ƙirji, har wuya. Ya yi ta ihu, mutanen gari suna gonakinsu suna jin sa.

Yadda muka saba ji, a nan mutane suke rugowa su tono shi, ya yi kuka ya tuba, ya yanka akuya, a mayar da garma kan dutse. Amma ranar Kaka sai ta tsaya a nan, ta ɗauki tsinke tana juya gwaza cikin toka.

Danladi ya ce, "Kaka, sai suka zo suka tono shi."

Ta ce, "Haka ne? Na manta. Tsufa. Ayuba, kai da ka ji ta tun kana yawo ba wando, mutanen me suka yi?"

Baba ya ce, "Suka farfasa garmar."

"To. Da suka farfasa ta, gonar wa ta nomu?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Garmar ce ta bi gida gida tana buga ƙarfe? Ita ta ce musu 'yan'uwa?"

"Garma ba ta da baki, Mama."

"Sai ka bar mai baki ka je dambe da ƙarfe. Gobe a kama ka, shi ya sa farar riga ya tsaya gaban alƙali, shi ne aka cuta, kai ne ɓarawon dare. Duk wanda yake jin haushinsa yau, gobe sai ya je masa jaje. Ni kuma in riƙa kai maka tuwo gidan yari da wannan ƙafar tawa."

Muryar Baba ta tashi, abin da ban taɓa ji ba a gabanta. Ya ce, "To in yi me? In je in durƙusa masa ya ba ni gadi?"

"Wa ya ce durƙusa? Mutum ya ci gayyarka. Ana kiran sa ne." Sai ta miƙa hannu. "Ba ni yashin nan. Gyaɗa zan soya wa yara, na daɗe ban ga yashi mai laushi haka ba. Har da rariyar matarka Saratu aka tankaɗe, sai a ba inji?"

Baba ya juyo ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage. Har ya bar duniya bai taɓa tambayata ba. Ya ciro gwangwanin ya ba ta. Ta ɗora kasko, ta juye yashin, ta watsa gyaɗa tana juyawa. Muka ci da zafinta, shi ma ta cika masa tafin hannu. Da muka tashi tafiya Danladi ya ce ba ta ba mu kunnuwanmu ba. Ta ce labarin bai ƙare ba, su kwana a wurinta. Na fita ina shafa nawa.

Ranar Lahadi Kaka ta sa a ɗaukar mata garmar kakanmu zuwa coci, ta jingine ta a waje. Da aka tashi sujada mutane suna fitowa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗauki dutse ta fara buga bakin garmar, kamar yadda ake kiran gayya a ƙauye. Kowa ya tsaya. Barnaba ya fito da farantin baiko a hammata. Ba ta kira shi Dattijo ba. Da sunansa na yarinta ta kira shi, don ta goya shi lokacin da uwarsa Ladi take ciwo.

"Bobai ɗan Ladi, Ayuba yana da gayya ranar Asabar. Gonar ubansa, za a share a yi huɗa a dasa dauro kafin lokaci ya wuce. Ka zo da garmarka."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Mama, ai nan ba wurin wannan magana ba ne."

"A nan ka kira taka."

"Mama, zamani ya canja. Harkar kasuwa daban, harkar gona daban."

"Ranar da akwatinka ya maƙale a laka zamani bai canja ba? Tsakanin rafi da gidan burodi ya canja? Ayuba, buɗe kafaɗarka ya gani."

Baba bai buɗe ba, amma kowa ya san abin da ke ƙarƙashin rigar. Wata mata daga baya ta ce a bar Barnaba, hannunsa ya saba da faranti, garma za ta yi masa kanta. Aka yi dariya. Fasto ya matso yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, kuma Kaka yake kallo yana faɗa. Wannan ma ya tsaya mini a rai. Kullum wanda aka taka ake ba haƙuri, ba na jin an taɓa ce wa mai takawa ya ɗaga ƙafa. Barnaba ya ce zai duba, ya shiga motarsa.

Ranar Asabar muka tafi ƙauye. Duk waɗanda aka sallama sun zo, Dogo a gaba da waƙarsa, 'yan'uwan ƙauye sun ba mu irin dauro daga nasu. Ni aka sa kula da tulun kunu, amma idona yana kan hanya. Na yarda da gaske zai zo, don a tatsuniya mutum yana tuba. Rana ta take sai ga motarsa. Direba ne kaɗai a ciki, da tire cike da burodi, wai Oga ya ce a gaishe da masu aiki. Ƙamshin ya cika bakin gona, yunwa kuma tana cina. Kaka ta leƙa tiren ta tambayi direban wane burodi ne a ciki zai riƙe garma. Ta ce ya mayar, ya gaya wa Oga hannu aka kira. Ina kallo aka juya da burodin.

Suka yi gonarmu, suka yi ta Dogo, suka bi ta kowa bi da bi. Amma tofa ba ta fita da sara ɗaya, lokaci kuma ya riga ya ja. Dauron da muka samu bai kai mu bazara ba. Shekarar da gwaza da rogo muka rayu, Mama tana kai itace kasuwa. Da na gama firamare ba a ma yi zancen in ci gaba ba. Gidan burodi kuwa sai haɓaka, har Barnaba ya ƙara mota. Bai faɗa ramin kowa ba. Kowace Lahadi yana miƙo wa Baba faranti, Baba yana sa abin da ya samu.

Bayan 'yan shekaru Ladi uwar Barnaba ta rasu. A wurinmu kabari maƙwabta ke tonawa, ba a ɗaukar ɗan kwangila, 'ya'yan mamaci kuma ba sa taɓa ƙasa. Aka aiko da sanarwa. Baba ya zauna a kan turmi ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, injin ya je ya tona. Dogo ma ya aiko cewa in Ayuba bai je ba, ba mai zuwa. A raina na ce yau ga ramin gafiya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai Kaka ta fito tana dogara sanda, ta jawo garmar kakanmu ta ajiye a gabansa.

"Ladi ce ta kore ka?"

Ya tashi ya ɗauka. Suka je suka tona, ƙasar tsakuwa ce, sai da hannuwansu suka fashe. Mama ta ce da aka gama binnewa Barnaba ya bi su yana miƙa hannu yana cewa Allah ya saka. Da ya zo kan Baba, Baba ya ce masa gonar tana nan inda take, damina kuma tana zuwa. Barnaba ya ce zai duba.

A yammacin nan Kaka ta kira mu, duk da na fara zama budurwa. Ba ta nemi aron kunne ba, ta ce tana riƙe da su tun tuni. Ta ce, "Mutanen suka zo suka tono shi."

Na ce, "Ya yi kuka ya tuba?"

"Wannan ni nake ƙara muku don ku yi barci. Suka tono shi don ba a barin mutum a rami. Shi ke nan." Ta ɗaga tabarma. "Ga kunnuwanku."

Na daɗe ina jin haushin wannan ƙarshen, har yanzu ma ban gama hucewa ba. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa mugu zai faɗa rami. Da na girma na gane Kaka ba ta taɓa yi mana wannan alkawari ba. Abin da ta yi shi ne ta hana ɗanta zama ɓarawon dare, ta kuma sa aka faɗi abin da aka yi masa da rana tsaka, a ƙofar coci, inda ba mai cewa bai ji ba. Baba ya mutu a kan gadonsa, sunansa fes. Barnaba ya mutu da gayyar mutane a wuyansa, kuma har yau tsofaffin unguwarmu in an ambace shi abin da suke fara tunawa ke nan. Wani lokaci ina ganin wannan ya isa. Wani lokaci in na tuna shekarar rogo sai in ga bai isa ba.

Ina nan tsaye a kicin Alheri ta shigo, ta dawo daga ofis a gajiye. Ta ce kwanakin nan ba sa tashi da wuri, don an kawo musu wata sabuwar kwamfuta, an ce kowa ya zauna ya zuba mata duk yadda yake yin aikinsa, dalla dalla, kada ya bar komai. Na tambaye ta don me. Ta ce shugabansu ya ce don a sauƙaƙa musu aiki ne, ai su duka iyali ɗaya ne.

Na nemi kujera na zauna. Na ce mata kafin ta sa kafaɗa ta tambaye shi, a gaban kowa, ranar da za ta kira tata gayyar wa zai zo. Ta yi dariya ta rungume ni ta ce, "Mama, ke dai kin cika damuwa."

Na sani, tun ina ƙarama ake faɗa mini. Amma ni na ga Baba yana murmushi ranar da aka ɓalle katakon.